Allo Kore, Kwamfutoci a Buɗe: Yadda Wani Kamfanin Kula da Kwamfutoci Ya Gyara Tsarin Facin Manhaja

Asalin lamarin

Kamfanin da wannan nazari ya shafa ƙarami ne, injiniyoyinsa ba su kai goma ba. Sana'arsa kula da kwamfutocin wasu ma'aikatu bisa kwantiragi: ofisoshin lauyoyi, masu lissafin kuɗi, asibitin haƙori, da wasu ƙananan masana'antu waɗanda ba su da ƙarfin ɗaukar injiniya nasu na kansu. Suna biya duk wata, shi kuma ya ɗauki nauyin ɗaruruwan kwamfutoci da uwayen garke (manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima) da ke warwatse a wurare daban-daban. Cikin alkawuran da ke rubuce a kwantiragin akwai faci, wato saka gyare-gyaren da masu manhaja ke fitarwa don toshe kafofin da masu kutse ke bi.

Tun 2003 Microsoft ke fitar da facinsa a ranar Talata ta biyu ta kowane wata. Da zarar faci ya fito, masu kutse kan zauna su warware shi don su gano ramin da aka toshe, sannan su nemi waɗanda ba su toshe ba. Kowa ya ga haka a 2017. Ranar 14 ga Maris Microsoft ya fitar da gyaran MS17-010, ranar 12 ga Mayu kuma wata manhajar garkuwa da bayanai mai suna WannaCry ta bi ta wannan ramin ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da asibitocin Ingila. Kusan wata biyu gyaran yana nan, ba a saka ba.

Bayan wannan ne kamfanin ya kafa WSUS a ofishin kowane babban abokin cinikinsa. WSUS uwar garke ce ta cikin gida: tana sauko da faci daga Microsoft sau ɗaya, ta raba wa kwamfutocin ofis, su kuma su dawo mata da rahoto. Ƙarshen kowane wata abokin ciniki yana karɓar takarda mai nuna kaso nawa cikin kwamfutocinsa ne suka cika faci. Da yake WSUS tana nauyi idan ta daɗe ba a share ta ba, wani injiniya ya tsara mata shara ta kai-tsaye duk wata. Ɗaya daga cikin zaɓuɓɓukan wannan shara shi ne goge duk kwamfutar da ta yi kwana 30 ko fiye ba ta tuntuɓi uwar garke ba. An kunna shi tare da sauran, domin a lokacin kwamfutar da ta yi shiru haka galibi an riga an jefar da ita.

Maris zuwa Oktoba 2020: kwamfutoci sun bar ofis

A Maris 2020 annobar korona ta rufe ofisoshi. Cikin 'yan kwanaki ma'aikata suka kwashi kwamfutocin tafi-da-gidanka suka koma gida, wasu ma har da manyan na tebur. Kowace ɗaya an saita ta ta nemi faci daga WSUS ɗin ofis kaɗai. A gida ba ta ganin uwar garken, kuma ƙa'idar da aka ɗora mata ta hana ta zuwa wurin Microsoft da kanta. Sai ta zauna haka.

Abin da aka fara gwadawa shi ne VPN, hanyar sirri ta intanet da ke haɗa kwamfutar gida da ofis. An aika wa kowa saƙo cewa ya riƙa haɗa kwamfutarsa da ofis na 'yan sa'o'i kowane mako. Bai yi aiki ba saboda dalilai biyu. Mutane ba sa haɗawa sai suna neman fayil, da sun samu su cire. Waɗanda suka bi umarni kuma suka cushe layin intanet na ofis, domin facin Windows 10 na wata-wata yana tattare da duk na baya, yana kai ɗaruruwan megabayit, ga shi kowa yana jansa ta ƙofa ɗaya. Manhajar lissafi ta fara tafiyar hawainiya, abokan ciniki suka yi ƙorafi, aka rage gudun saukar faci a lokutan aiki, wanda shi ne kaɗai lokacin da kwamfutocin ke haɗe.

Abu na biyu da aka gwada shi ne bi ɗaya-ɗaya. Aka buɗe jadawali, injiniya ya kira ma'aikaci, ya shiga kwamfutarsa daga nesa, ya saka facin da hannu. Kowace kwamfuta tana cin lokaci mai tsawo, rabin waɗanda ake kira suna cikin taro, kuma kafin a kai ƙarshen jadawalin wata Talatar ta zagayo. Bayan 'yan watanni aikin ya mutu ba tare da wani ya ce a daina ba.

A duk tsawon wannan lokaci rahoton wata-wata bai nuna matsala ba. Hasali ma ƙara kyau ya yi. Kwamfutocin da suka yi shiru kwana 30 shara tana goge su, waɗanda suka rage a lissafi su ne na cikin ofis masu karɓar faci a kan kari.

Ƙarshen 2020: lissafi uku da suka ƙi haɗuwa

Ba kutse ne ya tona lamarin ba, takardar inshora ce. Wani abokin ciniki yana sabunta inshorar kariyar bayanansa, aka tambaye shi kwamfutoci nawa yake da su, kuma yaushe aka yi wa kowace faci na ƙarshe. Injiniyar da aka ba aikin cike fom ɗin ta ɗauko jerin WSUS, ta ɗauko jerin manhajar riga-kafin ƙwayoyin cuta, ta kuma ɗauko jerin da sashen kuɗi ke amfani da shi wajen caji. Lambobi uku daban, kuma na WSUS ne mafi ƙanƙanta.

Aka faɗaɗa binciken zuwa sauran abokan ciniki. An samu kwamfutocin da facinsu na ƙarshe na Maris 2020 ne. An samu wata mai Windows 7 a manne da na'urar ɗaukar hoton haƙori, alhali Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020. An samu uwar garken tantance shiga da ta karɓi facin Agusta 2020 na wani rami mai suna Zerologon, rahoto ya ƙidaya ta a matsayin wadda aka tura wa, amma tana zaune tana jiran a sake kunna ta, wanda ke nufin gyaran bai fara aiki ba. Sannan aka lura da wani babban giɓi da ya girmi annobar: WSUS kayan Microsoft kawai take rabawa. Chrome, Adobe Reader, Java, Zoom, babu wanda ke bin sawunsu.

Ba a ga alamar an shiga ko ɗaya daga cikin kwamfutocin ba. Shugaban kamfanin ya rubuta wa kowane abokin ciniki ya bayyana masa cewa rahotannin da ya karɓa tun bazara ba su haɗa da dukkan kwamfutocinsa ba.

Janairu zuwa Yuni 2021: komawa gajimare, da tuntuɓen farko

Kamfanin ya yi rajista da wani dandalin sarrafa faci da ke kan gajimare, wato a kan uwayen garken masu shi ta intanet, ba a ofis ba. Tsarinsa mai sauƙin fahimta ne. Ana saka wata ƙaramar manhaja, wakili, a kowace kwamfuta. Wakilin ne ke kiran dandalin ta intanet, ta hanyar da burauza ke bi, don haka babu buƙatar VPN ko buɗe wata ƙofa a ofis. Yana faɗin abin da ke cikin kwamfutar da abin da ta rasa, ya karɓi umarni, ya sauko da facin kai-tsaye daga masu shi. Dukkan abokan ciniki suna bayyana a allo ɗaya, kowa da sashensa, kuma manhajojin da ba na Microsoft ba sun shiga lissafi.

Cikin 'yan makonni kwamfutocin gida suka cike giɓin watanni. Don gudun maimaita abin da ya faru, aka saita dandalin ya amince da kowane faci da kansa, ya tura wa kowa a daren da ya fito.

Facin Windows 10 na 9 ga Maris 2021 ya zo da matsala: wasu kwamfutoci na faɗuwa da shuɗin allo da zarar an tura takarda zuwa wasu nau'o'in firinta. A tsohon tsari irin wannan kan shafi ofis ɗaya, a gane, a dakatar da sauran. A sabon tsari ya sauka wa kowa lokaci guda. Washegari ofishin lauyoyi, asibiti da masu lissafi duk suna waya a sa'a ɗaya, injiniyoyin ba su isa ɗaukar kiran ba, balle gyara. An yi amfani da dandalin wajen cire facin daga kwamfutocin da abin ya shafa, Microsoft kuma ya fitar da gyara na musamman ranar 15 ga Maris.

Abokan ciniki da dama suka nemi a daina taɓa musu kwamfutoci ba da saninsu ba. Kamfanin ya amsa da jinkiri na bai-ɗaya: kowane faci, ko mene ne shi, zai jira kwana 30 kafin a tura.

Yuli 2021: abubuwa biyu a mako guda

Ƙarshen Yuni aka wallafa hanyar amfani da wani rami a sashen buga takardu na Windows, wanda aka yi wa laƙabi da PrintNightmare. Microsoft ya fitar da facin gaggawa ranar 6 ga Yuli. Bisa ƙa'idar kwana 30, da facin bai isa kwamfutoci ba sai Agusta, alhali ana amfani da ramin a lokacin. Injiniyoyi suka tsallake ƙa'idar da hannu, abokin ciniki bayan abokin ciniki. An gudu ba a tsira ba: an koma aikin hannu da aka sayi dandalin don a rabu da shi.

Abu na biyu ya fi tayar da hankali. Ranar Juma'a 2 ga Yuli, gungun REvil ya kutsa cikin Kaseya VSA, manhajar da kamfanoni masu irin wannan sana'a ke sarrafa kwamfutocin abokan cinikinsu da ita, ya yi amfani da ita wajen raba manhajar garkuwa da bayanai kamar ana raba faci. Kaseya ya ce abokan cinikinsa da abin ya shafa kai-tsaye ba su kai 60 ba, amma ta hannunsu ya kai ga ma'aikatu har kusan 1,500. Kamfanin Coop na Suwidin ya rufe shaguna kusan 800 saboda na'urorin karɓar kuɗi sun tsaya. Harin ya faɗa kan uwayen garken VSA da mutane suka kafa a wurarensu. Masu amfani da na gajimare ba a kulle musu bayanai ba, sai dai an kashe musu dandalin don riga-kafi har zuwa 11 ga Yuli.

Kamfanin da muke nazari ba wannan manhajar yake amfani da ita ba, amma tasa tana da iko iri ɗaya: duk wanda ya riƙe allon zai iya gudanar da abin da ya ga dama a kowace kwamfuta. Da aka duba asusun shiga, aka tarar da asusun shugaba guda da mutane da yawa ke amfani da shi, wasu asusun ba su da tantancewa mai mataki biyu, kuma na wani tsohon ma'aikaci yana nan a buɗe. A makon aka rufe waɗannan, aka ba kowa asusunsa da iyakar ikonsa, aka kuma sa dokar cewa duk umarnin da zai tafi ga dukkan abokan ciniki sai mutum na biyu ya amince.

Agusta zuwa Disamba 2021: sake gina tsarin

An fara da lissafi kafin a taɓa faci. Jerin kwantiragi ya zama ma'auni: duk kwamfutar da ake karɓar kuɗin kula da ita dole ta bayyana a allo. Wadda ta yi kwana 7 ba ta yi magana ba tana komawa ja, ana buɗe mata takardar aiki, kuma ba mai goge ta sai abokin ciniki ya tabbatar a rubuce cewa an daina amfani da ita. Rahoton wata-wata ya canza fuska. Maimakon kaso ɗaya mai faranta rai, ya koma nuna kwamfutocin da ba a ji ɗuriyarsu ba, da kuma kwana nawa facin da ya fi tsufa ya yi yana jira.

Sai aka raba kwamfutoci sahu-sahu. Sahun farko su ne na kamfanin kansa, tare da kwamfuta ɗaya ko biyu daga kowane abokin ciniki. An zaɓe su da gangan don kowane irin firinta, kowace manhajar lissafi da kowane nau'in VPN su samu wakilci, domin gwaji a kan kwamfuta tsabtatacciya wadda ba ta buga takarda ba zai kama matsalar Maris ba. Su ke karɓar faci a ranar farko. Idan kwana 3 suka wuce lafiya, sahu na biyu ya karɓa, sauran kuma bayan mako guda. Uwayen garke suna da lokacinsu a ƙarshen mako, bayan an tabbatar kwafin ajiya yana buɗuwa. Iyakar duka ita ce kwana 14 ga manyan gyare-gyaren tsaro, wa'adin da tsarin Cyber Essentials na Birtaniya ya gindaya. Aka kuma buɗe hanyar gaggawa ta kwana 3 ga ramukan da aka san ana amfani da su. Daga Nuwamba 2021, lokacin da hukumar CISA ta Amurka ta fara wallafa jerin irin waɗannan ramuka, jerin ya zama abin da ke yanke hukuncin mene ne gaggawa, aka huta da gardama.

Abin da ya fi ci wa kamfanin lokaci bai shafi fasaha ba sosai. Sake kunna kwamfuta ne. Yawancin facin Windows ba ya kammala sai an sake kunnawa, mutane kuma ba sa so, saboda suna da fayiloli a buɗe. Da yawa sun rantse cewa kullum suna kashe kwamfutarsu da yamma, kuma gaskiya suke faɗa. Sai dai Windows tana da wani saiti na saurin tashi wanda idan ka kashe ta ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana ajiye zuciyar tsarin ne ta ɗora daga inda ta tsaya. Allo na nuna kwamfutar ta yi makonni ba ta sake tashi ba, mai ita kuma yana ganin ana yi masa ƙarya. An kashe wannan saitin a ko'ina. Haka Chrome: yana sauko da gyaransa, amma sai an rufe shi an buɗe zai fara aiki da shi.

Daga nan maganar ta koma kwantiragi. Sabon sharaɗi ya ce ma'aikaci na iya ɗage sake kunnawa sau uku, na huɗu kwamfutar za ta yi da kanta bayan gargaɗi. Abokin cinikin da ke son a ware masa wata kwamfuta zai sa hannu cewa ya ɗauki haɗarin. Mafi yawa sun amince bayan an zauna da su. Ɗaya ya ƙi duka biyun, aka rabu da shi da wa'adin kwantiraginsa ya cika. Kwamfutar Windows 7 ta asibiti kuwa ba ta da faci da za a saka mata, sai aka cire ta daga intanet aka killace ta ita da na'urarta.

A Disamba aka bayyana ramin Log4Shell, wanda ke cikin manhajar Log4j. Dandalin bai taimaka sosai ba, domin Log4j ɗan guntu ne da ke ɓoye cikin wasu manhajoji, ba ya bayyana a jerin abubuwan da aka saka. Sai da aka rubuta umarnin bincike aka tura ta hannun wakilai, sannan aka bi masu manhajojin ɗaya bayan ɗaya.

Janairu 2022: gwajin tsarin

Facin 11 ga Janairu 2022 ya zo da matsaloli da aka sani: wasu uwayen garken tantance shiga sun riƙa kashe kansu suna tashi ba ƙaƙƙautawa, kuma haɗin VPN nau'in L2TP ya daina aiki a wasu kwamfutocin Windows. Sahun farko ya kama duka biyun cikin kwana biyu. Aka dakatar da turawa ga sauran. Microsoft ya fitar da gyara ranar 17 ga wata, aka gwada shi a sahun farko, aka saki ga kowa, aka kammala kafin kwana 14 su cika. Babu ofishin da ya tsaya. Farashin da aka biya shi ne uwayen garke sun yi kusan mako guda ba tare da gyaran tsaron watan ba, kuma an rubuta hakan a rahoto.

2024 zuwa 2025

A Fabrairu 2024 aka sanar da mummunan rami a ScreenConnect, wata manhajar shiga kwamfuta daga nesa. Masu ita sun gyara na gajimare da kansu, waɗanda suka kafa tasu uwar garken kuma sai da suka saka facin da hannu, kuma a cikinsu aka samu waɗanda aka kutsa. Ranar 19 ga Yuli 2024, wani sabunta bayanai na manhajar tsaro ta CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft. Wannan bai bi ta kowane dandalin faci ba, manhajar ce ke sabunta kanta. Kamfanin ya ɗauki darasi biyu a aikace: ya jera duk manhajojin da ke sabunta kansu ba tare da bin sahu ba, ya kuma tabbatar mabuɗan BitLocker, makullin bayanan Windows, na kowace kwamfuta suna ajiye inda za a same su ko da dandalin ba ya aiki. A Satumba 2024 Microsoft ya sanar cewa ya daina haɓaka WSUS. Kafin 14 ga Oktoba 2025, ranar da tallafin Windows 10 ya ƙare, jerin kwamfutocin ya riga ya nuna waɗanda ba su da sashen tsaro na TPM 2.0, don haka ba za su ɗauki Windows 11 ba.

Nazari

Dandalin gajimare ya magance abu ɗaya, kuma ya magance shi sosai: isa ga kwamfuta a duk inda take. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, VPN da kiran waya sun kasa shi. Amma watanni shida na farkon amfani da shi sun nuna cewa isa kaɗai ba ta wadatar. Da aka sake shi ba linzami, ya kai faci maras kyau ga kowa cikin dare ɗaya. Da aka ɗaure shi da kwana 30, ya zama WSUS mai tsada.

A ganina babban kuskuren ya faru ne tun kafin annoba, a yadda ake ƙidaya. Rahoton yana auna kwamfutocin da suka amsa kira, alhali waɗanda ke cikin haɗari su ne waɗanda suka yi shiru. Da an kwashe wannan ɗabi'ar zuwa sabon dandali, da allonsa ma ya yi kore a kan ƙarya, domin shi ma wakilin da aka saka kawai yake gani. Shi ya sa nake ɗaukar ɗaure lissafi da jerin kwantiragi a matsayin gyaran da ya fi kowanne nauyi, duk da bai buƙaci sayen komai ba. Sahu-sahu ya yi aiki saboda an cika sahun farko da kwamfutocin da ke aikin gaske. Sharaɗin sake kunnawa ya yi aiki saboda ya mayar da shawarar hannun mai ma'aikata a rubuce, maimakon a bar injiniya yana roƙon kowane ma'aikaci duk wata.

Akwai abin da bai warware ba. Kamfanin yanzu ya dogara da allo guda da wani ke riƙe da shi, kuma idan aka kashe shi na kwanaki, kamar yadda ya faru da masu VSA na gajimare a 2021, faci zai tsaya cak. Na'urorin da ba su ɗaukar wakili, irin su firintoci, na'urorin raba intanet da katangar tsaro, har yanzu da hannu ake bin su daga wani jadawali dabam, kuma injiniya ɗaya ne ke kula da shi.